Marka Idon Mai Fito

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun baza su."

To ku matso kusa. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi ya tashi tun yanzu, don wannan ba ta masu barci ba ce.

A wata tunga, can bakin wani babban gulbi, an yi wani mai fito ana ce masa Cindo. Aikinsa ke nan tun yana saurayi. Ya ɗebi mutane da kayansu a kwalekwale ya haye da su, ya kwaso na tsallake ya dawo. Ya san gulbin nan kamar yunwar cikinsa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Marka da ƙanenta Tanko. Marka ce ta goya Tanko har ya yi ƙafa, don haka ba ta da abin so a duniya kamarsa.

Ana nan, ana nan, sai ciwon ido ya kama Cindo. Aka yi magani, aka sake, ido ya ƙi. Sai duniya ta rufe masa ruf. Mutanen tunga suka ce shi ke nan, fito ya ƙare a gidan nan.

Sai Cindo ya ce, "Hannuna bai makance ba, bayana bai makance ba. Ido ne babu, kuma akwai guda biyu a gidana da ba su da aikin yi sai bin fara."

Idon Marka yake nufi.

Ita kuwa Marka shekararta goma. Ga ƙafa, ga baki, ga wayo, amma ba ta tsayawa ta dubi abu. A wurinta launin duniya uku ne kacal, fari da baƙi da ja. Ka nuna mata ganyen rama, sai ta ce baƙi. Ka nuna mata garin ɗorawa, sai ta ce fari. Ka nuna mata akuya ruwan ƙasa, sai ta ce ja, ta ƙara gaba abinta. Akwai irinta a kan tabarmar nan, amma ba zan kama suna ba.

Sai Cindo ya zaunar da ita a bakin ruwa. Ya ce, "Je ki kawo mini ganyen bado, da garin ɗorawa, da tsohon zanen uwarki na rini."

Ta kawo. Sai ya shafa ganyen ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Baƙi."

Ya ce, "Kore ne. Faɗi."

Ta ce, "Kore."

Sai ya lashi garin ɗorawa ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Fari."

Ya ce, "Rawaya ne. Faɗi."

Ta ce, "Rawaya."

Sai ya ɗauki zanen. Ya daɗe yana riƙe da shi. Can ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Baƙi."

Ya ce, "Ajiye shi kusa da gindin tukunya ki duba. Ɗaya ne?"

Ta ajiye, ta duba, ta ce, "Ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "To wannan shuɗi ne. Gindin tukunya ne baƙi."

Sai Marka ta tura baki ta ce, "Baba, mene ne amfanin wannan duka? Ko kore ko baƙi, ganye dai ganye ne, ruwa dai ruwa ne."

Ya ce, "Wanda na ji ya faɗi haka na ƙarshe, hularsa kaɗai muka tsinta a bakin gaɓa."

Marka ta gyara zama.

Ya ce, "Gulbin nan ba shi da baki, da launi yake magana. In kin ga ruwa ya yi fari yana ƙyalli, yashi ne kusa, jirgi zai kafe. In kin ga ya yi ja, ruwan tudu ne ya sauko, yana janye da itatuwa. In kin ga kore, ciyawa ce da kainuwa, nan kada ke kwanciya. In kin ga shuɗi mai duhu, zurfi ne, nan ce hanya. Ni ina da hannu, ke kina da ido. Abin da kika faɗa shi zan tuƙa. In kin faɗi daidai mu haye, in kin faɗi kuskure mu nutse tare."

Daga ranar nan Marka ta zama mai zaman goshin jirgi. Cindo yana baya da gorarsa ta tokare ƙasa da filafilinsa na tuƙi. In sun shiga ruwa sai ya rera:

"Marka, Marka, idon Baba,
Wane ruwa ne gaban jirgi?"

Sai ta amsa, "Shuɗi ne, Baba, tuƙa mu je."

Mutane suka gani, suka yi mamaki, suka dawo shiga jirgin Cindo. Sai dai fa Marka sunaye ta haddace, halin bai bar ta ba. Bakinta ya fi idonta sauri. Sau da yawa kafin ta duba ta riga ta faɗa, Allah ne dai yake rufa asiri.

Ran nan, cikin damina, aka yi biki a wata tunga can gaba. Kowa ya yi ado ya shiga jirginsa, maza da mata da yara, tunga ta koma wayam. Ba a bar kowa ba sai Cindo da 'ya'yansa da tsohon kwalekwalensa. Da hantsi Cindo ya zauna yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ce, "Marka, ki sa ido a kan ƙanenki."

Ta ce, "To, Baba."

Amma ɗinya ta nuna a bayan gida, tana ta zuba. Sai Marka ta ce bari ta tsinto cikin tafi ɗaya ta dawo. Ta bar Tanko yana wasa kusa da tarin itacen girki. Cikin tafi ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama bakin zane. Sai ta ji ƙara.

Ta zubar da ɗinya ta sheƙo da gudu. Ta tarar da Tanko a ƙasa yana riƙe da ƙafa. Ba ta ga komai ba sai wutsiyar maciji tana shigewa ƙarƙashin itace, sulluf. A idon sawun Tanko ga huji biyu, jini yana tsatsafowa.

Cindo ya taho yana lalube. Ya shafa ƙafar, ya ji hujin, ya ce, "Maciji ne. Marka, kin gan shi?"

Ta ce, "Na gan shi."

"Kina wurin?"

 In ta ce ba ta wurin, me za ta ce ya ɗauke ta? Ta ce, "Ina wurin, Baba."

"Wane launi ne?"

Ta ce, "Baƙi."

Haka kawai bakinta ya faɗa, kamar yadda ya saba. Maganar tana fita ta so ta janye ta, amma tsoro da kunya suka hana ta.

Cindo ya ce, "Ɗauko shi. Babu mai maganin sara sai Iya Tabawa, tana tsallake. In rana ta karkata ba mu kai shi ba, mun rasa shi."

Marka ta goya Tanko, ta kama hannun ubanta, suka gangara bakin ruwa. Ta shimfiɗa Tanko a tsakiyar jirgi, ta haye goshi. Cindo ya tokare gora, jirgi ya bar gaɓa.

Suka yi tafiya kaɗan. Sai Cindo ya rera:

"Marka, Marka, idon Baba,
Wane ruwa ne gaban jirgi?"

Marka ba gaba take kallo ba, ƙafar Tanko take kallo, tana ta kumbura. Ta ce, "Shuɗi ne, Baba, tuƙa mu je."

Cindo ya tuƙa da ƙarfinsa duka. Sai ji suka yi ƙurrr, jirgi ya hau yashi ya kafe. Marka ta ɗaga kai, sai ga ruwa fari fat yana ƙyalli, har ana ganin ƙananan kifi a ƙasa.

Cindo ya ce, "Shuɗi kika ce."

Ta ce, "Ban duba ba, Baba."

Bai yi mata faɗa ba, babu lokacin faɗa. Ya sauka cikin ruwa ya sa kafaɗa. Ya tura, jirgi ya ƙi. Marka ta sauka ta kama. Suka tura, jirgi ya ƙi. Suka tona yashi da hannu, suka sake turawa, sannan ya motsa. Kafin su fita daga wurin rana ta hau tsaka, Tanko ya daina kuka sai nishi.

Cindo ya ce, "Bar kallon ƙanenki. In kina son sa, kalli ruwa."

Suka ci gaba. Marka ta kafa ido a gaba, hawaye yana zuba tana sharewa da bayan hannu don kada ya rufe mata gani. Sai Cindo ya rera:

"Marka, Marka, idon Baba,
Wane ruwa ne gaban jirgi?"

Wannan karon ta duba. Ta ce, "Nan kusa shuɗi ne. Amma can gaba ya yi ja, ja wur, yana tahowa daga hagu."

Ya ce, "An yi ruwa a tudu jiya. Akwai abu a kansa?"

"Akwai baƙaƙen abubuwa, suna nutsewa suna tasowa."

"Kututtura ne. In ɗaya ya bugi jirgin nan ya rabe biyu. Ba mu da wata hanya, sai mun ratsa. Faɗa mini inda suke."

Suka shiga jan ruwa. Igiya ta fizgi jirgi kamar ta ƙwace shi. Marka tana kira, Cindo yana juya filafili. "Baƙi a hagu, Baba." Ya kauce. "Baƙi a gaba, tsaya." Ya danne filafili, kututture ya wuce ta gabansu da saiwoyinsa a sama. "Ga wani babba, yi dama, yi dama." Ya yi dama, itacen ya gogi gefen jirgi ya ɓantare ɗan katako ya wuce. Ruwa ya fantsamo ya jiƙa Tanko sharkaf, bai ko motsa ba. Marka ta ji kamar ta waiwaya, ta danne zuciyarta.

Can ta ce, "Jan ya fara ƙarewa. Ga shuɗi."

Cindo ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura kaɗan."

Suka shiga shuɗin ruwa mai zurfi, shiru, babu igiya. Har Marka ta fara hango rufin ɗakin Iya Tabawa a kan gaɓa. Sai ta ga wani abu a gabansu, kwance a kan ruwa, faɗinsa ya kai tabarma uku. Cindo ya rera:

"Marka, Marka, idon Baba,
Wane ruwa ne gaban jirgi?"

Ta ce, "Ruwan shuɗi ne, amma akwai dutse a gabanmu."

Ya ce, "Babu dutse a nan. Shekara talatin ina bin wurin nan. Wane launi ne?"

Bakinta ya buɗe zai ce baƙi. Sai ta kama shi. Ta ƙura ido ta ce, "Baba, ban san sunansa ba. Ba ka koya mini shi ba."

"Da me ya yi kama?"

"Kamar tokar da aka zuba wa ruwa. Amma gefe-gefe akwai ja-ja, irin na hanta."

Sai Cindo ya ɗaga filafili daga ruwa a hankali. Ya rage murya ya ce, "Kada ki motsa. Kada ki yi ihu. Dorina ce."

Sai dutse ya motsa. Ƙananan kunnuwa biyu suka fito suna karkaɗawa. Idanu biyu suka fito. Hanci ya fito ya fesa ruwa, fuu. Dorina ta taso, kanta kaɗai ya kai rabin jirgin. Ta tare hanya, ta dubi Marka.

Ta ce, "Wa ya ce toka?"

Marka ta ce, "Ni ce, ranki ya daɗe."

Dorina ta ce, "Shekara arba'in ina gulbin nan. Duk wanda ya gan ni sai ya runtse ido ya kwarma ihu, wai ga baƙar aba. Ni kuwa ba ni da madubi, ruwa ba ya tsayawa in ga kaina. Wanda ya ce mini baƙa na san bai dube ni ba, sai in kifar da jirginsa. Ke za ki dube ni. Tambaya uku zan yi miki. In kin faɗi abin da ke nan ku wuce. In kin faɗi abin da babu, ku kwana a ƙasan gulbi."

Cindo ya ce, "Uwar gulbi, ki yi mana rai. Yaro ne maciji ya sara, rana tana tafiya."

Dorina ta ce, "To sai ta yi sauri. Yarinya, wane launi ne bayana?"

Marka ta duba ta ce, "Ruwan toka ne. Inda rana ta busar ya yi haske, inda ruwa ya jiƙa ya yi duhu."

Dorina ta ce, "Uhum." Sai ta matso har hancinta ya taɓa katako, jirgi ya yi tangal-tangal. Ta ce, "Wane launi ne kewayen idona?"

Marka ta sunkuyo. Ta dubi idon nan, shi ma yana dubanta. Ta ce, "Ja ne mai haske, kamar cikin gwaba."

Dorina ta ce, "Uhum. Saura ɗaya. Wani kada ya ce mini haƙorana farare ne kamar nono. Duba ki gaya mini haka ne."

Sai ta wangame baki. Ku kun san ƙofar rumbu? To ya fi ta. Goshin jirgi ya shige ciki, Marka tana kai. Zafi da wari suka buge ta. Haƙora ga su nan dama da hagu, kowanne ya kai tsawon hannunta. Zuciyarta ta ce mata, rufe ido ki ce farare ne, ai abin da take son ji ke nan. Sai ta ji nishin Tanko a bayanta, siriri. Sai ta buɗe ido sosai, ta duba na dama, ta duba na hagu.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ba farare ba ne. Rawaya ne kamar garin ɗorawa, gindinsu kuma ruwan ƙasa. Akwai kore ma. Wata ciyawa ce ta maƙale a gindin na hagu, wurin ya kumbura."

  Ruwa kaɗai ke ɗiga daga haƙoran Dorina a kan katako, ɗis, ɗis.

Can Dorina ta yi magana da bakinta a buɗe, muryar tana fitowa daga ciki. Ta ce, "Ashe shi ya sa yake hana ni cin abinci. Sa hannu ki cire mini."

Cindo ya ce, "Marka..."

Ta ce, "Bari, Baba."

Sai ta miƙa hannu cikin bakin Dorina har kafaɗa. Ta kama ciyawar ta ja, ta ƙi. Ta sake ja, ta ƙi. Ta naɗe ta a yatsa ta fizga, sai ta fito, doguwa, har da ƙaya a jiki. Dorina ta ja da baya, ta rufe baki a hankali, ta tauna, ta ji daɗi.

Ta ce, "Kada maƙaryaci ne, zan gamu da shi. Ke kam, yarinya, da ganinki ba ki taɓa faɗin abin da ba ki gani ba."

Maganar nan ta soki Marka fiye da haƙori. Ta sunkuyar da kai.

Dorina ta nutse, ta ɓullo ta bayan jirgi, ta sa hanci ta tura. Jirgi ya tafi fiii, bai tsaya ba sai a kan gaɓa.

Marka ta goya Tanko, ta ja ubanta, suka hau tudu. Iya Tabawa tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tsohuwa ce tukuf. Ta ga ƙafar yaro, ta ajiye mazari, ta ce, "Ku shimfiɗa shi a inuwa."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yan tuluna uku. Ɗaya an ɗaura masa baƙin zare a wuya, ɗaya koren zare, ɗaya zare ruwan ƙasa. Ta jera su ta ce, "Kowane maciji da maganinsa. In aka ba yaro wanda ba nasa ba, dafi biyu ke nan a jiki ɗaya, ba ya tashi. Wane iri ne ya sare shi?"

Cindo ya ce, "Baƙi ne, Iya. 'Yata tana wurin, ta gan shi."

Iya Tabawa ta ɗauki tulu mai baƙin zare. Ta cire murfi. Ta tsiyaya a ludayi. Ta tallafo kan Tanko, ta kai ludayi bakinsa.

Marka ta kama hannun tsohuwa ta ce, "Iya, tsaya."

Iya ta ce, "Lafiya?"

Marka ta fashe da kuka. Ta ce, "Ƙarya na yi. Ba na wurin. Ɗinya na tafi tsinta na bar shi shi kaɗai. Ban ga macijin duka ba, wutsiya kaɗai na gani. Kuma ban duba ba na ce baƙi."

Cindo ya juyo wajenta. Fuskarsa ta koma wani iri, Marka ba ta taɓa ganinta haka ba. Da ya ɗauko bulala da ya fi mata sauƙi.

Iya Tabawa ta ce, "Kuka ba zai sauke kumburi ba. Wutsiyar da kika gani, tana nan a cikin idonki?"

Marka ta ce, "Ban sani ba."

Sai Cindo ya ce, "Rufe ido. Ni haka nake gani kullum. Koma gindin itacen nan ki tsaya. Kada ki yi sauri. Abin da ke nan kaɗai za ki faɗa."

Marka ta rufe ido. Ta ga tarin itace. Ta ga Tanko a ƙasa. Ta ga wutsiya tana shigewa. Ta riƙe ta da zuci, ta ƙi sakinta.

Ta ce, "Ba baƙa ba ce. Itacen da ta shige ya fi ta duhu."

Iya ta ce, "Koriya ce?"

"A'a. Ruwan ƙasa ce, kamar katangar gidanmu."

"Sumul take, ko da zane?"

Marka ta ƙara matse ido. Ta ce, "Da ɗigo-ɗigo farare a jere, kowanne an kewaye shi da duhu."

Iya Tabawa ta ce, "Kububuwa ce." Ta watsar da abin da ke cikin ludayi can nesa, ta wanke shi sau uku. Ta ɗauki tulu mai zare ruwan ƙasa, ta ɗura wa Tanko, ta shafa masa a ƙafa.

Sannan ta ja fatar idon yaron ta ƙasa da yatsa ta ce, "Yarinya, zo ki duba nan ciki. Idona ya tsufa, na ubanki babu. Me kika gani?"

Marka ta ce, "Fari fat."

Iya ta ce, "Jini ne ya gudu. In ja ya dawo wurin nan, ya tsira. In inuwar tsamiyar can ta taɓa randata bai dawo ba, sai haƙuri."

Suka zauna.  Inuwa tana jan ciki a ƙasa, a hankali, tana nufar randa. Cindo ya riƙe hannun Tanko da hannu biyu.

Can ya ce, "Marka, duba."

Ta ja fatar ido ta duba. Ta ce, "Fari ne, Baba."

Inuwa ta ci rabin hanya. Ta wuce turmi. Ta wuce murhu. Cindo ya ce, "Marka, duba."

Ta duba. Ta dubi ubanta. Ta so ƙwarai ta ce ja ne, ko ya samu ya numfasa. Ta haɗiye ta ce, "Fari ne har yanzu, Baba."

Ya ce, "To."

Inuwa ta matso, saura taki ɗaya ta taɓa randa. Cindo ya kasa tambaya. Marka da kanta ta durƙusa, ta ja fatar ido, ta juya kan Tanko wajen haske. Ta daɗe tana dubawa. Ta duba ɗaya idon. Ta sake komawa na farko.

Cindo ya ce, "Ki faɗa mini ko mene ne."

Ta ce, "Ba fari ba ne, Baba. Ba kuma ja ba ne tukuna. Kamar dasashin jariri yake."

Iya Tabawa ta ce, "Shi ne. Ja ne yake tafe."

Ba ta rufe baki ba sai Tanko ya motsa yatsa a cikin hannun ubansa. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Yaya, ƙishirwa."

Sai hawaye ya ɓalle wa Cindo, daga idon nan da ba ya gani. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kan Marka, ya jawo ta jikinsa ya riƙe. Ya daɗe bai sake ta ba. Can ya ce, "Maganar ɗinya tana nan, sai mun koma gida."

Marka ta ce, "To, Baba." Tun da aka haife ta ba ta taɓa murnar faɗan da za a yi mata ba sai ranar. Ta tashi ta ɗebo wa ƙanenta ruwa a randa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami, ni ma na rufe bakina.

Kun dai ji. Launi ba ado kaɗai ba ne, labari yake ba mai ido. Ku koyi sunan kowanne, ku duba kafin ku faɗa, in ba ku gani ba ku ce ba ku gani ba. Wata rana ran wani yana rataye a kan abin da idonku ya gani.